Asabar da Lahadi a Gidan Kaka Eufemia

Ƙarfe huɗu na asuba ƙararrawar coci ta kaɗa,
zakaran maƙwabta bai ko gyara murya ba.
Kaka Eufemia ta ƙwanƙwasa ƙofata da tsinin lema:
"Tashi, Dalisay, barci ba ya ƙarewa,
amma asubahin nan tara ne kacal, yau ta bakwai."

Muka bi lungunan Guagua da silifa, ido rabi a rufe,
taurarin gora da takarda suna lilo a kowace taga.
A bakin coci Perpetua ta riga kowa hura gawayi,
wainar shinkafa a ganyen ayaba, wuta sama, wuta ƙasa,
kankararriyar kwakwa a kai, man shanu yana narkewa.
Na ƙona harshe. Na sake miƙa hannu.

Kafin hantsi ya dubi ludayi gida ya cika maƙil.
Kawu Ambrosio ya iso daga Manila, mota shaƙe da jikoki da kwalaye,
Goggo Luzviminda rungume da tukunyar da ta hana kowa buɗewa.
Yara suka yi layi, kowa ya kama hannun Kaka ya ɗora a goshi,
ita kuwa tana sa albarka, tana cakuɗa sunaye:
ta kira Crisanto da sunan kakansa da ya rasu,
ba wanda ya gyara mata.

Ni da Nenita, ƙawata tun muna 'yan firamare,
muka sha kasuwa sau uku: mun manta tafarnuwa,
mun manta takardar naɗe kyauta,
na ukun dai hira muka je yi, ba ƙarya.
Kifi yana ƙara a kasko, taliya ta cika faranti,
wani ya zauna a kan kek, ba a gano ko wane ne ba,
sai da Kawu ya juya baya.

Da magariba yaran unguwa suka zo ƙofa,
da murafun kwalba a zare, da gwangwanin madara a matsayin ganga.
Waƙa ɗaya suka iya, ita ma rabi.
Na ba su tsaba, suka tafi, suka musanya riguna, suka dawo.
Na gane su sarai. Na sake ba su.

Lahadi, Goggo ta kama makirfo kamar gadonta ne.
Tana tsakiyar jan murya aka ɗauke wuta.
Duhu ya rufe layin, shewa ta tashi har ƙetaren titi.
Sai Kaka ta ce a sauko da tsohon tauraron Baba,
wanda ya ɗaure da hannunsa, reshe ɗaya a karkace,
muka sa masa kyandir a ciki, muka zauna ƙasa kewaye da shi.
A nan wayata ta yi ƙara: yayana Bayani ne daga jirgin ruwa,
can wani teku mai ƙanƙara.
Fuskarsa ta zagaya hannu zuwa hannu kamar farantin cin-cin,
ya ce, "Ku nuna min tukunyar Goggo."
Muka nuna masa. Ba saura ko miya.

Yanzu sha ɗaya ta wuce.
Kwanuka sun yi tsauni, ƙafafuna ba nawa ba ne,
yara bakwai sun baje a tabarma ɗaya kamar wake a tire.
A bakin ƙofa silifa ɗaya ya rage, na ƙafar hagu, ɗan ƙarami,
mai shi ya tafi gida a kafaɗar ubansa.
Na ɗauke shi na ajiye a taga, ƙarƙashin tauraron.
Gobe jajibere, za su dawo duka.
Daga ɗaki Kaka tana cewa, "Dalisay, ƙarfe huɗu fa."